Adireshin da Ke Wuyan Riguna

Auta tela ce, kuma duk rigar da ta fita daga shagonta tana da ɗan ƙyalle a wuya mai ɗauke da adireshin shafinta na intanet. Da shi masu saye suke nemo ta. Adireshin kuwa raɓe yake: sunan shagonta, ɗigo, sannan sunan kamfanin katakon yayanta. Shi ya ce mata tun farko, "Me za ki yi da naki na daban? Raɓu a jikin nawa."

Ranar nan wata tsohuwar kwastoma ta shigo rai a ɓace, ta dangwara waya a kan keken ɗinki. Adireshin Auta ne, ko harafi bai canza ba, amma shafin caca ya buɗe, har da ƙwallaye suna tsalle. "Surukata na tura wa adireshin nan," in ji matar. "Kin ga abin da kika ja mini."

Auta ta ji kamar ta nutse. Ta tsallaka wajen maƙwabcinta mai gyaran waya. Ya duba, ya ce, "Na yayanki ne tushe, naki reshe. Ya bar tushen bai biya kuɗin sabunta shi ba, wasu suka saye. Wanda ya riƙe tushe kuwa shi ke da rassa, abin da ya ga dama yake ɗorawa."

Ta kira Yaya. Mutumin nan ko a jikinsa! Wai ya canza wa kamfani suna, tsohon ya daina yi masa daɗi. "Ni nawa na bari, Auta. Ban taɓa naki ba."

Wai bai taɓa ba. Ka rushe ɗakin ƙasa, ka ce wa ta bene ta ci gaba da barcinta. Ko kira ɗaya ya gagare shi, shi da har gobe ita ke rage masa tsawon wando. Cikin haushi ta kashe wayar.

Da yamma Yaya ya iso da fara'arsa, ya tarar da ita cikin tulin riguna tana farke ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya.

"Kwantar da hankalinki," ya ce. "Gobe sai in sa a raɓa ki a jikin sabon."

Ta miƙa masa reza da riga. "Zauna ka farke, Yaya. Waɗannan na shago ne. Waɗanda ke wuyan mutane a gari, ban san ta ina za ka fara ba."