Kwana Biyu a Mota

"To, su na saman ga, wa ag gaba yanzu?" in ji Malam Nasidi.

Na san ba su ne damuwarsa ba, amma na gyara zama a bakin tabarma na buɗe waya. Yammacin Lahadi ne, an tashi daga wasannin mako na talatin da biyar na gasar Firimiya ta Najeriya, ni kuma na rufe shagona na ɗinki na tsallako titi kamar yadda na saba. Yana jingine da bangon zaure, ƙafafunsa biyu a kan matashi, sun kumbura har fatar tana sheƙi.

Na faɗa masa ƙungiya ta ɗaya da ta biyu, maki ɗaya ne tsakaninsu. Ya ce, "Ikon Allah. Sai wa?" Na faɗi ta uku. "Sai wa?" Haka muka yi ta gangarowa, ƙungiya bayan ƙungiya, yana gyaɗa kai kamar mai sauraron farashin taki, har muka iso ta goma sha bakwai. A nan ya daina cewa sai wa. Ya ɗauki mafici ya hau fifita.

"Sun yi canjaras yau," na ce. "Ba a zura musu ko guda ba."

"Ban tambaye ka ba, Sadi."

"Na sani, Malam. Bakina yak kuɓuce."

Mai tsaron ragar ƙungiya ta goma sha bakwai ɗansa ne, Ma'aruf. Ɗan fari ne, kuma Malam Nasidi mutumin zamanin da ne mai kunyar ɗan fari ta gaske. Shekara ashirin muna maƙwabtaka a Talata Mafara, ban taɓa jin sunan ya fito daga bakinsa ba. "Yaron ga" kawai, shi ma sai dole. Lokacin da Ma'aruf ke tsaron raga a filin makarantar unguwarmu, in tsohon ya biyo ta wurin a kan keke sai ya juya kai ɗaya gefen, har sau ɗaya ya kusa afkawa cikin kwata. Da wata ƙungiya ta can Gabas ta ɗauki yaron, uban bai ce je ka ba, bai ce kar ka je ba. Ni ya kira ya ce in ɗinka wa "mai tafiya" kaftani biyu.

Tun daga nan na zama gadarsu. Duk ranar wasa, kafin su fita fili, Ma'aruf zai bugo mini ya ce, "Kawu Sadi, ka ce ma Baba za mu shiga." In ajiye almakashi in tsallaka titi in faɗa. Tsohon zai dubi bango ya ce, "Allah shi tsare." In dawo in isar. Shekara huɗu muna haka, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin aikin. Ni mayen ƙwallo ne tun ina yaro, ga shi Allah ya kawo mini ɗan wasan gasar ƙasa har ƙofar shago. Wurin Buba mai shayi ba mai ja da ni in ana zancen teburin gasar.

A kakar bana abubuwa biyu suka taɓarɓare tare. Ƙungiyar Ma'aruf ta gangaro ƙasan teburi, inda huɗun ƙarshe ke faɗuwa daga gasar, saura wasa uku. Shi kuma tsohon, ciwon da ya fara da kumburin ƙafa ya hau har ciki. An kwantar da shi asibiti kwana tara, aka sallamo shi da ledar magani da irin kallon da likita ke yi in ba ya son ƙarasa magana.

'Yarsa Taiba ta zo daga Maradun inda take aure. Da ta gan shi a zaure sai ta hau share hawaye da gefen mayafi, ta ce, "Baba, a kira Yaya shi taho."

"Kak kowa shi kira shi," ya ce. Da ta koma ciki ya juyo gare ni. "Sadi, shekara talatin ina noman rani Bakalori. Ran da ruwa yaz zo layinka, ko zazzaɓi ka ka yi kana nan tsaye, don in ka tashi har gonar na kusa da kai ta ƙone. Mutanen ga sun aje shi bakin ƙohwa, sun amince mai. In yat tambaya, ka ce da sauƙi."

"Malam, in kuma babu sauƙin fa?"

"Kai ka bada sauƙi, ko Allah?"

A wurinmu "da sauƙi" ake cewa, ko yaya jikin yake. Na taɓa jin an faɗe ta a kan mutumin da bai kai Magariba ba. Kowa ya san haka, shi ya sa mai tambaya ba kalmar yake saurare ba, muryar mai faɗa yake aunawa. Ma'aruf ma ya sani. Ranar Talata ya bugo mini ina tsakiyar yanka wata shadda.

"Kawu Sadi, ba gaisuwa nika yi ba," ya ce. "Taiba ta bugo min tana kuka, ta ƙi hwaɗin komi. Na yi magana da koci, ya ce in na so in tahi, amma wasa guda za ya wuce ni, watakila biyu. Kai ka ganin shi kullum. In taho?"

Na yi dariya. Har yau dariyar nan ce ta fi damuna, don na iya ta sosai. Na ce, "Kai, Taiba da kuka ai ka san ta. Da sauƙi wallahi, jiya ma tuwo yac ci. Ka tsaya ka kama muna ƙwallo."

Ya ci tuwon, gaskiya ne, loma biyu. Kuma umarnin uban na bi, wannan ma gaskiya ne, da shi nake kare kaina in tunanin ya taso. Amma akwai sauran gaskiyar. Na san golan da ke zaman benci a bayan Ma'aruf, hannunsa kamar rariya. Na kuma riga na cika baki wurin Buba cewa muddin ɗanmu na cikin raga ba inda za su faɗa. Lokacin da yaron ya tambaye ni in taho, teburin gasar ne ya fara zuwa mini a rai kafin fuskar ubansa. Na ce a raina, sati biyu da 'yan kwanaki ne, tsohon ai zai kai.

Suka ci wasa na gaba da ɗaya da nema, suka sake yin canjaras a na bayansa, suka hauro ta goma sha shida. Abin da ya rage musu a wasan ƙarshe shi ne kada a ci su. A sama kuma manyan biyun nan suna nan kan maki ɗaya, gari duk ya rabu biyu, 'yan acaɓa suna musu har a bakin masallaci.

Ranar Laraba kafin wasan ƙarshe na shiga duba shi bayan La'asar. Ya daina fitowa zaure, sai aka yi mini iso har ɗaki. Matarsa Inna Lantana tana zaune a bakin gado da kofin kunu da ya huce. Ya rame a fuska, numfashinsa yana fita da ƙyar. Na fara karanto masa teburi daga sama kamar kullum, sai ya ɗaga hannu.

"Bari su," ya ce. "Daga can wurin nasu zuwa nan, kwana nawa a mota?"

"Biyu, Malam. In hanya ta yi kyau."

Ya ɗaga yatsu yana lissafi a hankali. "Lahadi wasan."

"Lahadi, ƙarfe huɗu."

"Talata ke nan." Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki. Sannan ya sake cewa, "Talata," ya rufe ido.

Inna Lantana ta dube ni. Ita ma ɗanta na fari ne, ita ma ba za ta iya buɗe baki ta ce a kira shi ba. Kallon kawai ta yi mini, kuma na gane shi sarai. Mutumin da bai taɓa tambayar komai a kan ɗansa kai tsaye ba ya tambayi tsawon hanya, me kuma nake jira ya ce? Da na buga waya a yammacin nan, da Ma'aruf ya kwana Talata Mafara ranar Juma'a. Na fito da wayar a hannu, na tsaya a ƙofar shago, na nemo lambar. Sai na ce kwana huɗu ne kacal. Na mayar da ita aljihu na koma kan keken ɗinki.

Ya rasu ranar Lahadi da hantsi. Ina ɗaura zare na ji salatin mata daga cikin gidan.

Ƙanensa Ɗanasabe ya iso daga Bakura a kan babur kafin Azahar, shi ne babba yanzu. Ya tara mu a zaure ya ce, "Kak a gaya ma yaron sai an tashi wasa. Ko an hwaɗa mai yanzu ba ya samun jana'iza, sai dai a ruɗa shi a banza." Ba wanda ya musa. Ni ne na yanka likkafanin na haɗa shi.

Gawa biyu aka sallata a ranar bayan Azahar, shi da wani dattijo daga unguwar gaba, aka ɗauke su tare zuwa maƙabarta. Kaburburan biyu suna jere, an haƙa su kusa da juna. An ajiye makara ke nan, ana shirin saukarwa, wayata ta hau rawa a aljihu. Na san ko wane ne. In ban ɗauka ba zai gane, in na ɗauka a nan zai ji. Sai na ratsa mutane na yi can bakin katanga, bayan wata bishiyar dogon yaro.

"Kawu Sadi, ka ce ma Baba za mu shiga."

"To," na ce. Na tsaya riƙe da wayar daidai tsawon lokacin da nakan ɗauka in tsallaka titi in dawo. Daga inda nake ina jin ƙarar shebur. Na ce, "Ya ce Allah shi tsare."

"Amin. Ya jikin nashi?"

"Shiga dai ka yi wasanka."

Da na dawo an riga an rufe duka biyun, liman yana addu'a.

Ƙarfe huɗu aka take duk wasannin a lokaci ɗaya. Ina zaune a kan tabarmar makoki a ƙofar gidan, ina jiyo ihu daga wurin Buba yana tashi yana kwantawa. Ban taɓa waya ba. Wajen shida 'yan acaɓa suka fara zagaye gari da hon, an samu zakara. Wani da ya zo gaisuwa ya raɗa mini cewa su Ma'aruf sun tashi babu ci, har ya kaɗe wata ƙwallo a minti na ƙarshe da ba wanda ya san yadda ya yi. Sun tsira. Abin da na yi wata biyu ina roƙo ya samu, ban ji komai ba sai ɗaci a baki.

Sai ga kiransa. Ana ta kiɗa da ihu a bayansa.

"Kawu! Mun tsira! Kawu, kana ji na? Tsallaka ka kai mai wayar. Yau ko bai ce komi ba, ni in yi magana shi ji."

Na tashi daga cikin mutane. Na ce, "Ma'aruf, sai haƙuri. Allah ya yi ma Malam rasuwa."

Kiɗan ya ci gaba. Can ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaushe?"

"Da hantsi."

"Da nib bugo maka ɗazu..."

"Muna maƙabarta."

Na daɗe ina jin gangunan mutanen can kafin layin ya yanke.

Ya iso ranar Talata da rana, ranar kasuwa, sai da motarsu ta yi rabin awa kafin ta ratsa cunkoso. Ya shiga wurin mahaifiyarsa ya daɗe. Da ya fito ya zo har shago, ya durƙusa ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ya gida, ya iyali, ya aiki, ya ƙarin haƙuri. Na so ya zage ni. Na so ya ɗaga murya ko sau ɗaya in samu abin riƙewa. Bai yi ba. Cewa ya yi, "Kawu, Baba Ɗanasabe ya koma Bakura. Ka kai ni in ga kabarin Baba."

Na ɗauke shi a babur. An yi ruwan farko ranar Litinin, ƙasar maƙabartar ta yi laushi, takalmanmu suna nutsewa. Muka isa wurin, ga kaburburan biyu a jere, tsawonsu ɗaya, ruwa ya lallaɓe su sun zama iri ɗaya. Na tsaya. Na dubi na dama, na dubi na hagu. Da na tambayi wani tun ranar da an gaya mini, amma da wane baki zan ce ban ga inda aka sa maƙwabcina na shekara ashirin ba?

"Wanne na, Kawu?"

"Ban sani ba," na ce. "Lokacin ina can bakin katanga. Ina waya da kai."

Ya dubi katangar, ya dubi dogon yaron, sannan ya dube ni. Ya cire takalmansa ya ajiye gefe. Ya taka a hankali ya shiga ɗan tsakanin da ke tsakanin kaburburan, wanda da ƙyar ya ɗauke shi, ya tsuguna. Ya miƙa manyan hannayen nan nasa, ya ɗora ɗaya a kan na dama, ɗaya a kan na hagu, ya sunkuyar da kai.