Kasidu Arba'in da Bakwai da 'Yan Dubiya

Ranar Laraba da safe na yi atishawa sau uku a jere a ofis, sai ogarmu ta leƙo daga ɗakinta ta ce in tattara kwamfutata in tafi gida, kada in kwantar mata da ma'aikata. Mu biyar ne duka, a wani bene a Bodija, muna gina wa mutane shafukan intanet. Kafin in fita ta tuna mini maganar Litinin. Wani kamfanin safarar kaya ya ba mu aikin sake gina shafinsa, da sabuwar hanyar nan da ke sa shafi ya buɗe da sauri ko a ƙaramar waya, kuma tsakanina da abokin aikina Sharfuddeen za ta zaɓi wanda zai jagoranta. Tambayoyi za ta yi mana, wanda ya fi sanin abin shi ne da aikin.

Shekara uku ke nan ina canza wa mutane launin maɓalli da gyara lambar waya a ƙasan shafi. Ina son aikin nan har cikin raina. Saboda haka a kan okada, jikina na karkarwa, murna nake yi. Kasidu arba'in da bakwai na ajiye a kwamfuta kan wannan sabuwar hanya, wata biyu ina cewa zan karanta, ga shi Allah ya kawo mini kwana biyar a kwance. Abin da na manta shi ne a Sabo, unguwarmu ta 'yan arewa a nan kudu, nake zaune.

Ranar Alhamis ba a gan ni a sahun asuba ba. Ƙarfe takwas, ina tsakiyar kasida ta farko, na ji sallamar Baba Iliyasu, aminin marigayi mahaifinmu, mai cinikin goro. Kafin ya cire takalmi Inna ta faɗo ɗakina ta rufe kwamfutar, ta ɗora ta saman kabad. A dokarta, mutum ba zai tako ƙafa ya zo duba ka ba ya tarar kana danne-danne. Baba Iliyasu ya yi mini sannu, ya yi addu'a, na shafa, na zaci shi ke nan. Sai ya gyara zama ya ba ni tarihin zazzaɓin da ya taɓa kama shi a hanyar Jebba kafin a haife ni.

Yana fita maƙwabciyarmu Iya Muhibbat ta shigo da kwalbar agbo, jiƙon ganye mai ɗacin da har yau nake jinsa a maƙoshi, ta tsaya a kaina sai da na shanye. Bayanta 'yan majalisarmu, bayansu matan layi uku-uku. Kowa da maganinsa: citta da zuma, siracen darbejiya, lemon tsami. Rabinsu kuma, bayan addu'a, sai su zaro waya su ce tunda ni na san kan abin, in duba musu me ya sa hotuna ba sa buɗewa. Mara lafiya ba ya riƙe kwamfutarsa, amma wayar baƙo ba laifi. Da magariba na sha ƙwayar da likita ya rubuta, ita kuwa ba ta barin mutum ya ga ƙarshen layi.

Safiyar Juma'a haushi ya kai mini wuya. Na shiga zauren unguwa na waya na rubuta cikin ladabi cewa ina godiya, amma don Allah kada kowa ya zo dubiya, likita ya ce a bar ni in huta. Na tura, na sauko da kwamfutata, na ji kamar na yi dabarar shekara.

Ko minti goma ba a yi ba ƙanwata Murja ta shigo da waya a hannu.

"Yaya Ɗahiru, ka san abin da ka rubuta kuwa?"

Ta tuna mini abin da kowane ɗan Sabo ya sani, ni ma na sani, zazzaɓi da takaici suka shafe mini. Ba a hana dubiya sai in jiki ya yi tsanani har an fara karanta wa mutum Yasin. Saƙo irin wannan na ƙarshe da aka gani a zauren, mai shi bai ƙara kwana biyu ba.

Na goge saƙon, gogewar ta ƙara tayar da hankali. Bayan an sauko daga Juma'a aka yi mini addu'a ta musamman, sannan ayari guda ya biyo Baba Iliyasu har ƙofar ɗakina. Gwaggo Ashatu ta rufe rumfar albasarta a kasuwar Shasha ta iso tana kuka tun daga bakin layi, da jakar kayanta, don ta zo ke nan sai abin da Allah ya yi. 'Yan uwanmu na Kano suka yi ta bugowa, kowa sai ya ji muryata da kunnensa. Inna tana raba ruwa tana aiko mini da harara. Ranar Asabar ta sa aka shimfiɗa mini tabarma a ƙofar gida, na wuni zaune kamar kayan talla, don mutane su ga ina numfashi. Ranar Lahadi kuma aka dawo yi mini barka da tashi.

Kasida uku da rabi na karanta.

Ranar Litinin kujerar Sharfuddeen babu kowa, ashe murar tawa ya kwasa. Ta bidiyo ya shigo daga ɗakinsa na haya a Akobo, idanu jajur. Duk abin da oga ta tambaya ya amsa, har da abin da ba ta tambaya ba. Ni kuwa ina ta "kamar dai" da "ina jin". Ba ta ja magana ba, ta ba shi aikin, kuma ba ta zalunce ni ba, wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Na kira shi na yi masa murna da haƙora a cije, na tambaye shi yaushe ya haɗiye duk wannan karatu.

"Tun Alhamis nake kwance," ya ce. "Ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofata. Me zan yi in ba karatu ba?"

Na ce to me yake ci. Ya ce garin kwaki da ruwa, biredin ya ƙare tun Asabar, iyayensa suna Ilorin kuma bai son tayar musu da hankali. Ya yi dariya, dariyar ta koma tari mai tsawo.

Ina isa gida na sauke wa Inna duk abin da ke cikina. Na ce dubiyarsu ta ja mini asarar aikin da na yi shekara uku ina jira, wanda aka bari ya huta shi ya samu. Ta saurare ni har ƙarshe, amma ba abin da na faɗa ta ji ba.

"Kwana biyar, ba wanda ya leƙa yaron nan?"

Ta sa Murja ta juye farfesun kaza a kula, ta zura hijabi, Gwaggo Ashatu ta ɗauko ragowar agbo. A bakin layi Baba Iliyasu ya ji inda za mu, ya tura ni gefe ya shige keke mai ƙafa uku da muka tare. Kular tana ƙona mini cinya, haushina bai tafi ko'ina ba, amma na tuna tarin nan a ɗakin da ba kowa. Da muka wuce Mokola na kira Sharfuddeen.

"Ka rufe kwamfutar nan ka ɗora ta sama," na ce. "Inna ba ta son ta tarar da ita a buɗe."