Ɗakin Malam Gwadabe

Lafiya lau Barira ta baro Kibiya da jaririnta bayan ta gama wankan jego a gidan iyayenta. Yaron ya yi ɓul-ɓul, in ya tsala kuka har maƙwabta sai sun ji. Da ta dawo gidan mijinta a Lausu, sai ta tarar an kwashe kayanta daga ɗakinta mai yoyo, an kai su ɗakin surukinta Malam Gwadabe, wanda ya rasu tana da ciki. Sunansa aka sa wa yaron.

Malam tsohon soja ne. Tun da ya dawo daga yaƙin Bama na zamanin Turawa bai rabu da lofe ba, kuma a ɗakin nan yake shan tabarsa, ƙofa a sakaye. Yanzu babu mai shan taba a gidan, amma jinkar ta yi baƙi ƙirin, bango kuwa in ka shafa sai yatsanka ya fito da wani abu ja-ja mai danƙo. Ga damina ta kankama. Duk ranar da aka yi ruwa, warin sai ya taso kamar yanzu aka kashe lofen.

Ba a jima ba yaron ya fara tari, ƙirjinsa na ƙugi kamar na ɗan mage. Barira ta lura in ta goya shi zuwa rijiya numfashinsa yakan daidaita. Da sun koma ɗaki, uwar mijinta Inna Tani ta lulluɓa masa bargon soja na marigayin, sai abin ya dawo. Bargon nan Inna ba ta yarda a wanke shi ba tun rasuwar mijinta. Albarka ce, in ji ta.

To, yaron ɗan fari ne. A gaban mutane Barira ba ta kallonsa, ba ta kiran sunansa, balle ta nuna ciwonsa ya dame ta. Mijinta Musbahu kaɗai ta iya yi wa maganar, murya ƙasa-ƙasa.

"Hayaƙin da ya watse tun bara?" ya ce. "Kuma wa zai tari Inna ya ce ɗakin Baba ne ke sa ciwo? Ba dai ni ba."

Wata ranar Laraba da la'asar ruwa ya tsuge. Jumai, aminiyar Inna, ta zo dubiya, ruwan ya tare ta a ɗakin Malam. Inna ta ce sanyi ne ke damun yaron, ta saki asabari, ta naɗe shi a bargon har haɓa.

"Haba Maigida, raki kuma?" take ce wa jikan. "Mai sunanka bindiga ya ɗauka, kai ɗan yayyafi ya kayar da kai?"

"Wannan angon naki rago ne, Tani," in ji Jumai. "Ki nemi saki tun da wuri."

Suka yi dariya. Barira na gefe ta ba su baya, tana tsintar wake a faifai, kunnenta na kan yaron. Tari. Ƙugi. Tari. Sai kuma shiru.

Ta waiwaya. Bakinsa a buɗe, babu kuka, leɓɓansa sun yi duhu.

Faifan ya kife. Ba ta san lokacin da ta fizge shi daga cinyar Inna ba. Ta yar da bargon, ta ture asabari, ta ratsa ruwa zuwa rumfar tsakar gida.

"La'ilaha illallahu!" Jumai ta dafe ƙirji. "Ɗan fari? A gaban uwar miji? Haka ake yi a Kibiya?"

Barira ta tuɓe masa rigar, don ita ma warin take yi. Ta ɗora shi a kafaɗa tana shafa bayansa, tana jin haƙarƙarinsa na shiga yana fita. Inna ta iso rumfar, zanenta sharkaf.

"Ba ni shi nan."

"Inna, ki gafarce ni." Kan Barira a ƙasa, amma ba ta miƙa shi ba. "Ɗakin ne. Da bargon. In muna waje ba ya yi."

"Wato Malam ne zai cuci jikansa?"

"Ba Malam ba, Inna. Tabar ce. Tana jikin komai."

Inna ta yi tsaye. Can ta sunkuyo ta kara kunne a bayan yaron, ta daɗe tana saurare. Da ta ɗago, fuskarta ta sauya.

"Haka ƙirjin Malam ya riƙa yi," ta faɗa a hankali, "kafin ya kwanta."

Yaron ya yi wani tari mai ƙarfi, ya ja iska, sannan ya saki kuka. Kukan siriri ne, amma kuka ne. Barira ta ƙanƙame shi.

Musbahu ya shigo da gudu daga zaure. Inna ba ta bar shi ya yi tambaya ba.

"Kwashe kayansu ka kai ɗakina. A wanke tufafin yaron nan duka, har tabarmar. Ni zan koma na Malam."

"Inna, ke fa naki ƙirjin?"

"Nawa ya riga ya sha rabonsa," ta ce. "Yi abin da na sa ka. Ke kuma riƙe ɗanki da kyau, kada iska ta buge shi."