Rariyar da Na Toshe

Magini ya riga ya kwaɓa siminti, yana tsugune a gindin katanga da cokalinsa a hannu, sai ya ɗago ya dube ni.

"Hajiya, in toshe gaba ɗaya? Na ga kamar ruwan nan yana da amfani a wancan gefen."

"Aiki na kira ka ka yi, ko shawara?" na ce.

Ya tura rabin bulo cikin rariyar, ya shafe da siminti, ya haƙa wata 'yar hanya da za ta kai ruwan wankina kwatar bakin titi. Kafin azahar ya gama, ya wanke hannunsa ya tafi.

Wancan gefen da yake faɗa gidan Maman 'Yan Biyu ne. Shekara uku ke nan da ta tare, bayan sun rabu da mijinta. Ta zo da katifa biyu, da tukwane, da 'yan matanta masu shekara shida a lokacin. Ɗaki ɗaya ne da ɗan fili a baya, ba famfo. Da asuba take fita sharar wani ofis, ta dawo kafin yara su taso daga makaranta. Mijin kuwa sai ya tuna da su yake aike, kuma ba mai yawan tunawa ba ne.

Ban taɓa ganin macen da ta iya tattali irinta ba. Ɓawon albasa ba ya zuwa bola a gidanta, taki ne. Rigar makarantar bara ita ce siket ɗin bana. Filin nan da masu haya na baya suka mayar juji, ita ta share, ta jera tsofaffin tayoyi da fasassun bokitai, ta shuka alayyahu da kuɓewa da tumatir da barkono. Abin da suke ci ke nan, ragowar ta ɗaura a ƙofa maƙwabta su saya. Ruwan sha take saye. Na lambu kuwa nawa ne, wanda nake zubarwa in na yi wanki ko wanke-wanke. Yana bi ta rariya ya faɗa wani rami da ta cika da tsakuwa da gawayi, ya tace, ta ɗiba da gwangwani. Ni ban rasa komai ba, kuma duk mako sai ta aiko mini da ɗaurin ganye.

To me ya kai ni? Na gaya wa maigidana wai danshi ne ke cin fentin katanga. Ƙarya ce. Ranar wata Asabar dangin mijina sun cika mini tsakar gida, ina ta rawar kai a gabansu, sai ga muryarta ta saman katanga.

"Maƙwabciya, don Allah ruwan nan mai wari da kike jiƙa fararen kaya, ki riƙa zuba shi daban. Jiya ya ƙone mini alayyahu layi guda."

Yayar mijina ta tuntsire da dariya. "A'a! Ashe ruwan wankinki ma da mai shi? To sai ki riƙa neman izini kafin ki yi wanki."

Duk suka kwashe da dariya. Ni kuma ga ni da zuciya kamar ashana. A ranar na aika a kira magini.

Da yammar ranar da aka toshe ta leƙo, ta ga ɗanyen siminti. Na shirya mata baƙar magana tun safe, ina jira ta tanka. Sai kawai ta ce, "An yi gyara? Allah ya sa alheri." Ta sauka daga kan kujerar da ta taka. Da ta zage ni, da na fi samun sauƙi.

Daga nan ta koma ɗebo ruwa a famfon ƙarshen layi, inda sai an haura ɗan tudu a dawowa. Bokiti biyu, ɗaya a kowane hannu, sahu huɗu da safe, huɗu da yamma. Ina ganinta ta tagar kicin. Takan ajiye a gaban shagon mai gyaran takalmi, ta dafa ƙirji, ta yi kamar ɗankwalinta take gyarawa. Kuma na san abin da ke damunta. Ita da bakinta ta taɓa gaya mini likita ya ce zuciyarta ta kumbura, kada ta ɗauki abin da ya fi tukunyar miya nauyi. Har dariya muka yi a lokacin, ta ce likitan bai taɓa riƙon gida shi kaɗai ba.

Sau biyu ina ɗaukar taɓarya in fasa simintin nan. Sau biyu ina ajiyewa, ina cewa bari ta fara zuwa ta roƙa. Haka muka yi wata ɗaya da kwanaki. Ganyen da take aiko mini bai fasa zuwa ba, sai dai ɗaurin ya rage kauri.

Ranar Talata da la'asar na ji ihun 'yan biyu. Na fito ba takalmi. Tana kwance a bakin ƙofarta, bokiti ɗaya ya kife, ruwan yana bin titi. Mai gyaran takalmi ya tare mota, muka ɗauke ta. Na ɗora kanta a cinyata. Tafin hannunta duk kanta, da jan layi inda marikin bokiti ke zama.

A hanya ta buɗe ido. "Maƙwabciya, ke ce?"

"Ni ce. Yi shiru, mun kusa."

"Ki ce wa yara su tsinke tumatirin da ya nuna, kada tsuntsaye su riga su."

"Zan gaya musu. Maman 'Yan Biyu, rariyar nan..."

"Haba, bar zancen. Shekara uku kina shayar da mu. Wa ya taɓa yi mana haka?" Ta numfasa da ƙyar. "Ni ce ban iya magana ba, a gaban baƙinki. Ki yafe ni."

Ita ke neman gafarata. Na buɗe baki, kuka ya riga ni, har muka isa asibiti ban haɗa kalma biyu ba. Suka shige da ita, suka ce dangi kaɗai. Washegari da hantsi ta cika.

Mutanen layi suka yi ta yaba mini. "Allah ya saka, ke kika kai ta asibiti." "Maƙwabtaka ke nan." Kowace addu'a sai in ji kamar an watsa mini barkono. Maigidana ya ce kwananta ne ya ƙare, kuma gaskiya ya faɗa. Amma ni na san wanda ya ɗora mata bokitan nan, kuma ban iya gaya wa kowa ba sai yau.

Bayan kwana uku uban yaran ya zo ɗaukarsu. Mutum ne mai ƙaramar murya, yana ta sunkuyar da kai. Ya ɗaure katifun a saman mota, ya zuba tukwane a baya. Na shiga in taya haɗa kaya. Ɗaya daga cikin 'yan biyun ta riga ta shiga mota ta haɗa kai da gwiwa. Ɗayar, mai wushirya, ba a gan ta ba.

A bayan ɗaki na same ta. Ta tara ruwan da aka wanke kwanukan masu gaisuwa a wata roba, tana bin tayoyin ɗaya bayan ɗaya, tana zuba wa kowane gindi gwangwani guda, a hankali, kada ya fallatsa kan ganye. Uban ya danna hon.

"Zo mu je, 'yata, babanku na jira."

"Saura layi ɗaya, Inna." Ta zuba wa kuɓewa, ta tsaya tana kallon ƙasar tana shanyewa. Sannan ta juyo. "Inna, in mun tafi wa zai riƙa ba su?"

Hon ya sake tashi. Ba ta jira amsata ba. Ta miƙo mini robar da gwangwanin a ciki, ta goge hannu a siket ɗinta, ta ruga.

Na ji an rufe ƙofar mota, na ji ƙararta har ta sha kwana. Ina tsaye tsakanin tayoyin, robar a hannuna, da ɗan ruwan sabulu a gindinta wanda bai kai gwangwani biyu ba, ga layin barkono guda yana jira.