Tsohon da ke Bakin Get

"Tsaya nan. Ƙara girman wajen get ɗin."

Nafisat ta matsa linzamin kwamfuta, hoton ya cika bangon ɗakin taro. Litinin ce, ranar da Oga Jamaluddeen ke duba aikin kowa a ofishinsu na zanen gine-gine da ke Unguwar Sarki, kuma shi in ya ce zai duba aiki, feɗe shi zai yi. Aikin Nafisat shi ne ta ɗauki zanen da ya yi ta mayar da shi hoto a kwamfuta, da fenti da itatuwa da mutane, har wanda ya gani ya rantse an gama gini an tare. Wannan hoton na rukunin gidajen Alhaji Sabo ne, waɗanda har yau ba su wuce harsashi ba. Tun bara yake kan babban allon talla a bakin titin da ya shiga Badarawa. Rana da ruwa sun koɗar da shi, Alhaji yana so a sabunta.

"Ranarki daga ina take fitowa?" in ji Oga.

"Daga hagu, Oga. La'asar ce."

"To, wannan tsohon fa?"

Ya ɗora yatsa a kan wani dattijo da ya ba da baya a bakin get, da farar riga, lema a hammata, carbi a hannun dama, ya ɗaga ƙafar dama kamar zai shiga.

"Duk gidajen haske ta hagu yake dukansu, shi kuwa ta dama. Rana biyu ce a Kaduna? Bara ya wuce mini, bana ba zai wuce ba."

Abokan aikinta suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Abin da ya fi ci mata rai shi ne gaskiya ya faɗa. Ita ce fa ko a keke-napep take, in ta ga allon talla mai karkatacciyar inuwa sai ta yi tsaki.

"Juya shi kawai, hagu ya koma dama," in ji Oga. "Alhaji zai zo da yamma."

Ba wanda ya sani a ɗakin cewa tsohon mahaifinta ne. Mutanen da ake samu a intanet don cika irin waɗannan hotuna duk Turawa ne da gajeren wando, wasu har da kare, shi ya sa ta koma ɗaukar mutanen unguwa da wayarta tana yanko su. Baba ba ya son hoto, don haka ta baya ta ɗauke shi wata safiya yana fita. Ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya, bai taɓa kwana a gidan kansa ba, daga wannan haya sai waccan. Ranar da aka kafa allon, da kansa ya kai Umma ta gani, yana ta tsokanarta: "Salamatu, ga ni nan zan shiga gidana, ke kuma an bar ki a haya." Da damina ta tsaya ya rasu.

Tun da Umma ta fita takaba, komai ƙanƙantar cefane sai ta ce ita za ta je. Nafisat ba ta gane ba sai ranar da ta hango ta daga cikin keke, tsaye a tsallaken titi da leda a hannu, ta ɗaga kai tana kallon allon. Ba su taɓa yin maganar ba.

Ta koma teburinta ta juya hoton kamar yadda aka ce. Haske ya daidaita, amma carbi ya koma hannun hagu, ƙafar hagu ce a gaba. Baban da in yaro ya shigo gida da ƙafar hagu sai ya sa shi ya fita ya sake shigowa. Wannan wani tsoho ne dabam, kuma Umma kallo ɗaya za ta yi ta gane. Nafisat ta mayar da shi yadda yake.

Tunda ba za ta juya Baba ba, sai ta juya rana. Ta mayar da ita gabas, la'asar ta zama hantsi. Ba ƙaramin aiki ba ne. Fentin da ya yi kyau da yamma ya koma fari fat, gilasan tagogi suka mutu, sai da ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana gyarawa. Ta saki kwamfuta ta fara fitar da hoton, ana tsaka aka ɗauke wuta, kafin a tada janareta komai ya tafi. Ta sake daga farko. Abincin da ta zo da shi ko buɗe shi ba ta yi ba, sallar azahar ma a gurguje ta yi.

Bayan la'asar Alhaji Sabo ya iso, ƙamshin turarensa ya riga shi shiga. Oga ya daɗe yana kallon bango, hannu a haɓa.

"Wa ya ce ki canza rana?"

"Ba kowa, Oga."

"Ya fi kyau," ya ce, kamar ana ƙwatar maganar daga bakinsa. "Inuwar itatuwan ta kwanta daidai. Yanzu hoton ya yi rai."

Alhaji ma ya yaba, sannan ya matso kusa ya ƙanƙance ido.

"Amma wannan dattijon, tun bara nake son in yi magana. Kamar ya zo neman taimako. Masu sayen gidajena ba da lema za su zo ba. A cire shi."

"Mahaifina ne, Alhaji."

Ita kanta ba ta san za ta faɗa ba.

"Yana nan?"

"Ya rasu bara."

"Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta," in ji Alhaji, kuma da gaske yake, muryarsa ta sauka. "To ai kin ga, 'yata, yanzu ne ma ya kamata a cire shi. Bawan Allah yana kwance a makwancinsa, mu kuma muna talla da shi a bakin titi? Ni ba zan iya ba."

Nafisat ta dubi tsohon da ke jikin bango. Da ya yi mata wulaƙanci da ta san abin faɗa.

Bayan ya tafi, Oga ya tsaya a bayan kujerarta.

"Me ya sa ba ki gaya mini da safe ba?"

"Da na gaya maka, Oga, hasken zai daidaita?"

Ya ce ta tura wa masu bugawa kafin ta tashi.

Cire shi bai ɗauki komai ba, dannawa ɗaya ce. Hantsin da ta wuni tana gyarawa dominsa ya sauka a kan dandaryar siminti. Ta zauna tana kallon get ɗin, rufe ruf, da ƙaramar ƙofar masu tafiya a ƙasa a gefensa. Ta koma cikin zanen ta buɗe ƙaramar ƙofar kaɗan, ta sake fitar da wannan ɓangaren, ta tura.

A keke, da suka zo wajen tsohon allon, ta kawar da kai. Ta tarar da Umma a tsakar gida tana tsince shinkafa. Gara Umma ta ji daga bakinta da ta je ta tarar.

"Umma, jibi za a canza allon nan na bakin titi."

Hannun Umma ya tsaya a cikin faranti. Nafisat ta durƙusa ta miƙa mata wayarta da sabon hoton a kai. Umma ta goge hannu a zani, ta karɓa, ta nisanta ta da ido tana neman inda ta saba dubawa.

"Ina Malam?"

Hawaye ya cika idon Nafisat. Umma ta daɗe tana kallon ƙofar da ke buɗe, sannan ta miƙo mata wayar ta jawo farantinta.

"Ashe ya shiga," ta ce. "Ai ya daɗe a tsaye a rana."