Darasin Dabbobi Masu Shayarwa

Sati uku da binne ɗanta, malamar bayoloji ta koma aiki. Shugaban makarantar ya ce ta ƙara hutawa, amma yana faɗa yana satar kallon kalanda, domin jarrabawar 'yan ajin ƙarshe saura wata ɗaya, kuma babu mai riƙe mata. Ita ma gidan ya ishe ta. Kwana huɗu yaron ya yi a duniya, duk a cikin kwalba a asibiti, bai ko kama nono ba.

A ɗakin malamai ta buɗe littafin tsarin darasi ta ga inda ta tsaya. An gama tsuntsaye. Na gaba shi ne dabbobi masu shayarwa. Malamin lissafi, wanda teburinsa ke jikin nata, ya leƙo ya gani.

"Ki tsallake shi mana, Malama, ki yi musu tsirrai."

"Duk shekara sai ya fito a jarrabawa," ta ce, ta ɗauki alli.

'Yan mata arba'in da biyu ne a ajin, masu surutun tsiya, amma ranar ko tari babu mai yi. Ta fara da abin da ya haɗa jemage da giwa da ɓera da mutum. Duk suna da gashi, ko da kaɗan ne. Jininsu da ɗumi. A cikin kunnen kowanne akwai 'yan ƙasusuwa uku. Jemage yana tashi amma ba tsuntsu ba ne, ayu yana cikin ruwa amma ba kifi ba ne, saboda kowannensu nono yake ba ɗansa. Ta faɗa musu masana sun ce kakannin waɗannan dabbobi wasu 'yan ƙananan halittu ne kamar jaɓa, masu ɓuya a ramuka zamanin manyan dabbobi masu rarrafe, kuma biyu daga ƙasusuwan kunnen nan asalinsu a muƙamuƙi suke.

Wata ɗaliba da ake kira Rediyo ta kasa haƙuri. "Malama, ashe shi ya sa in na fara magana kunnen mutane ke ciwo!"

Aka yi dariya, ita ma ta murmusa. Ta ji kamar za ta iya.

Ta raba allo gida uku. Na farko masu yin ƙwai amma su shayar, 'yan kaɗan ne suka rage a duniya. Na biyu irin su kangaru, da ke haihuwar ɗa bai ƙosa ba, bai fi ƙwayar wake ba, ya rarrafa zuwa jakar da ke cikin uwar, ya maƙale wa nono har ya yi ƙwari. Nan hannunta ya tsaya. Nata ma bai ƙosa ba, wata bakwai ne, ita kuwa ba ta da inda za ta sa shi sai gilashi. Ta daure ta rubuta na uku, masu mabiyiya, wadda ke ciyar da ɗa a ciki har lokacinsa ya yi. Tata rabuwa ta yi tun lokaci bai yi ba.

Sai ƙirjinta ya ɗaure, ta ji ɗumi yana bin rigarta. Da ta juyo, 'yan layin gaba suka sunkuyar da kai. Nonon ya jiƙa tsumman da ta ɗaura, ya fito fili a gaban rigar, gefe biyu.

Rediyo ta miƙe ta kawo mata mayafinta. "Malama, ba ya tsayawa ne in... in babu mai sha?"

"Yana tsayawa, amma ba nan da nan ba," ta ce. "Jiki bai san abin da ya faru ba. Shi dai ya san an haihu." Ta rufa mayafin. "Ku kwafi abin da ke allo."

A banɗakin malamai ta kulle ƙofa, ta tatse nonon a wurin wanke hannu, ta buɗe famfo tana kallo yana bin rariya. Wata tsohuwa mai shara ta ƙwanƙwasa.

"'Yata, ba su ba ki maganin tsayar da shi ba?"

Sun ba ta. Yana cikin jakarta tun ranar da aka sallame ta, ko ɗaya ba ta ɓare ba. Mijinta yana zaton tana sha.

"Na rasa uku irin naki," in ji tsohuwar ta bayan ƙofa. "Riƙe shi ba zai dawo miki da kowa ba, sai ciwo da zazzaɓi. Ki sha."

Malamar ta haɗiyi maganin da ruwan famfo, ta koma ta ƙarasa darasin har aka kaɗa ƙararrawa.

Cikin kwana shida nonon ya ƙafe. Ranar da ta matsa da safe ba ta ga komai ba, ta zauna a ƙasan banɗaki ta yi kukan da ba ta yi ba ranar binnewa. Mijinta ya tsaya a bakin ƙofa da makullin mota a hannu. Can ya kira makaranta ya ce ba za ta samu zuwa ba. Washegari ta je.