Baƙin Allo a Ofishin Awo

Mijinyawa shi ke kula da na'urar awo a wani sito na riɗi a kasuwar Gadarif. Kwamfutar da ke haɗe da na'urar tsohuwa ce, ba hoto ba ado, sai farin rubutu a kan baƙin allo. Idan motoci suka yi sauƙi, yakan sulale ya leƙa matarsa da ke kwance a asibiti. Abin haushin, ko ya riga maigida Abuelgasim dawowa, sai maigidan ya leƙo ya ce, "Ka fita ke nan, ya zol," wato kai mutumin nan.

To wa ke kai gulmar? Mijinyawa ya yi ta auna mutane a ransa, har zarginsa ya tsaya a kan Lado mai ɗinkin buhu, amininsa tun suna yankan dawa a gonakin Gedambaliya. Shi kaɗai ya san zancen asibitin, kuma rumfarsa na kallon ƙofa.

Lado ya rantse har da hawaye. Mijinyawa, da yake mutum ne mai taurin kai, ya ce rantsuwar ma ta yi yawa. Ya daina zama cin fatur, wato abincin hantsi, da shi, ya koma cin wakensa shi kaɗai a ofis, yana leƙen rumfar ta taga.

Ran nan Manahil, mai duba musu na'ura, ta zo ta tarar da allon ya yi duhu. Ta taɓa maɓalli, rubutu ya dawo.

"Haka yake yi, ya ammi," in ji ta, wato baffa. "In aka yi minti goma ba a taɓa shi ba, sai ya rufe ido. Duk wanda ya leƙo ta taga ya ga duhun, ko ka riga ka dawo kujerar, ya san ka jima ba ka nan. Maigida ma ya taɓa tambayata."

Ta rubuta layi ɗaya, ta mai da lokacin sifili, ta ce halas, shi ke nan, ba zai ƙara duhu ba.

Kunya ta kama Mijinyawa har cikin ƙashi. Ya ruga rumfar Lado, ya zayyana masa komai, yana ta ba da haƙuri, malesh, malesh.

Lado bai ɗago daga buhun da yake ɗinki ba.

"Na rantse maka da Allah ba ka yarda ba," ya ce. "Yau ƙarfe ya wanke ni, ka yarda. Koma wajensa, ya fi ni gaskiya."